Fina-finan tsoro masu arha: wasu na zagi, wasu ba sa so a taɓa su

Wai wane irin fim ake nufi?

Na tsoro ne amma ba irin na dodo mai haƙora da jini faca-faca ba. Wannan ƙwaƙwalwarka yake taɓawa, ka rasa gane jarumar ce ta zare ko da gaske wani abu ne ke bin ta. Da ɗan kuɗi ake yin sa, kuma masoyansa 'yan gani-kashe-ni ne, su kalla sau goma su yi ta musu a kan ƙarshensa.

Rashin kuɗin ba ya ɓata aikin?

A nan kam taimako ma yake yi. Darakta ba shi da kuɗin haɗa aljani a kwamfuta, dole ya ɓoye shi, sai ya bar ka da duhu da ƙarar ƙofa, sauran kai za ka ƙarasa a zuciyarka. Ɗauki Paranormal Activity na 2007, a gidansa darakta Oren Peli ya ɗauka da wajen dala 15,000. Kamara na kafe a ɗakin kwana, matar ta tashi cikin dare ta tsaya kan saurayinta yana barci tana kallonsa, agogon gefen allo yana ta gudu awa na wucewa ita ko gezau, shi ke nan fa, amma wallahi sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Da aka sake shi a sinima a 2009 ya tara sama da dala miliyan 190.

To me ya sa ake zaginsu?

Saboda mutum ya biya kuɗinsa yana so ya ga abin. The Blair Witch Project na 1999 masu sharhi sun yaba sosai, ya kawo kusan dala miliyan 250, amma 'yan kallo da yawa haushi suka ji, kamara sai girgiza har wasu jiri ya kama su, mayyar da ake ta faɗa ko ƙeyarta ba a nuna ba, fim ya ƙare da wani a tsaye ya juya fuska ga bango. Jarumar har kyautar ba'a ta Razzie aka ba ta. Ni a ganina an zalunce ta, firgicin da ke fuskarta ne ya riƙe fim ɗin.

Akwai waɗanda sai daga baya aka gane darajarsu?

Sosai ma. Peeping Tom na 1960 masu sharhin Ingila sun yi masa kaca-kaca har sana'ar daraktansa Michael Powell ta durƙushe a can, sai a 1979 shahararren darakta Martin Scorsese ya taimaka aka sake fito da shi, yanzu girmama shi ake. Carnival of Souls na 1962 kuwa, da wajen dala 33,000 Herk Harvey ya yi shi, ba wanda ya kula da fitowarsa. Tashoshin talabijin na Amurka da ke saka shi tsakar dare su suka tara masa masoya a hankali, har aka mayar da shi sinima a 1989.

Kenan duk mai arha yana da kyau?

Ina! Bayan Blair Witch kowa ya ɗauki kamara ya faɗa daji yana ihu, yawancinsu ko minti 20 ba za ka iya daurewa ba.