Waiwaye: Doguwar Hanyar Hana Mutum Shiga Rumbun Hatsi a Amurka

A jihohin noman masara na tsakiyar Amurka, irin su Iowa, Illinois, Indiana da Nebraska, rumbu wani ƙaton tanki ne na kwano, wani ya fi bene mai hawa biyar tsayi. Inji ke cika shi, inji ke kwashe shi. Duk da haka, babu shekarar da ba a rasa rayuka a cikinsa, kuma galibi sanadin ɗaya ne: hatsi ya ƙi fita, wani ya ɗauki shebur ko sandar ƙarfe ya shiga ya buɗe masa hanya.

Kamfanin Butler na birnin Kansas ya fara ƙera rumbun kwano a 1907, amma sai a ƙarshen shekarun 1930 ya bazu, lokacin da gwamnati ta shiga ajiye rarar amfanin gona. A 1945 wani maƙeri a Kanada, Peter Pakosh, ya fito da na'urar jan hatsi: murɗaɗɗen ƙarfe mai juyawa cikin bututu, kamar sukurun da ke tura tattasai a injin markaɗe. Daga baya aka shimfiɗa irinsa a ƙarƙashin daɓen rumbu, aka huda rami a tsakiya. Aikin kwanaki ya koma na sa'o'i.

A nan haɗarin ya samo asali. Idan an kunna injin, hatsin saman ne ke fara zurarewa ta tsakiya, yana jan duk abin da ke kansa. Lissafin hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ya nuna cewa cikin daƙiƙa 4 zuwa 5 mutum ba ya iya zare ƙafarsa, cikin daƙiƙa 22 kuma hatsi ya rufe shi ruf. Wanda ya nutse zuwa ƙugu, ƙato biyu ba sa fizgo shi da hannu. Idan kuma masarar ta shiga rumbu da danshi, sai ta yi fumfuna ta dunƙule. Wani lokaci ta yi ɓawo a sama alhali ƙarƙashinta ya zama kogo, mutum ya taka ya rufta. Wani lokaci ta manne a bango ta tsaya cak, a zungure ta daga ƙasa ta rikito kan mai zungurar.

Doka ta daɗe ba ta waiwayi wannan ba, kuma da ta tashi, gobara ce ta tashe ta. A Disamban 1977 ƙurar hatsi ta fashe a manyan ma'ajiyu biyu, a Westwego ta Louisiana inda mutum 36 suka mutu, da Galveston ta Texas inda aka rasa 18. Shekara goma bayan nan, a ƙarshen 1987, OSHA ta fitar da ƙa'idar wuraren sarrafa hatsi. A 1996 ta ƙara haramta tura ma'aikaci ya riƙa tattaka hatsi don ya zuba. Sharuɗɗan shiga a bayyane suke: a kashe injin a sa wa makunninsa kwaɗo, mai shiga ya ɗaura ɗamara da igiya, wani ya tsaya a waje yana kallonsa. Sai dai tun 1976 Majalisar Dokoki ta hana OSHA bincikar gonakin da ma'aikatansu ba su wuce goma ba. A ganina wannan giɓi ne babba, domin a irin waɗannan gonaki ne uba ke shiga rumbu shi kaɗai, ko ya tura ɗansa.

Shekarar 2010 ta girgiza kowa. Masarar 2009 ta makara kuma an girbe ta da danshi, ta lalace a rumbuna. Jami'ar Purdue da ke Indiana, wadda ta shafe shekaru tana tattara irin waɗannan rahotanni, ta ƙirga fiye da mutum 50 da hatsi ya rutsa da su a wannan shekara. A watan Yuli, a garin Mount Carroll na Illinois, yara biyu, ɗan shekara 14 da ɗan shekara 19, suka mutu a rumbu guda bayan an tura su tattaka masara injin yana aiki.

Ko rumbu lafiyayye ma ba ya kwashe kansa tas. Idan zubar ta tsaya, tulin hatsi kan rage a kewayen bango. Don haka aka ƙirƙiro mashariya: dogon murɗaɗɗen ƙarfe da ke kwance a daɓe, kansa ɗaya a tsakiya, yana zagayawa a hankali yana jawo sauran zuwa rami. Matsalar ita ce tsofaffin masharai kan cije, sai mutum ya bi bayansu yana turawa, haƙoransu a buɗe dab da ƙafarsa. A 2008 da 2009 OSHA ta ce kada kowa ya kasance a ciki mashariya tana juyawa ba kariya. Masu ma'ajiyu suka ce hakan ba zai yiwu a aikace ba. Aka yi ta ja-in-ja har watan Mayun 2013, lokacin da hukumar ta yarda bisa sharuɗɗa goma, ciki har da shinge da maɓallin da ke tsayar da injin nan take.

Wannan taƙaddama ta sa maƙera suka koma ga tambayar da ta kamata a yi tun farko: me zai sa mutum ya shiga? Yanzu akwai masharai masu ƙarfi da ake bari a cikin rumbu dindindin, a binne su da hatsi, a sarrafa su daga waje. Ana ƙara ramukan zuba a daɓe don in ɗaya ya toshe wani ya ɗauka. A Nebraska wani uba da ɗansa sun ƙera ƙaramin mutum-mutumi, Grain Weevil, da ke yawo a saman hatsi yana farfasa ɓawo ta hanyar rimot. Ga fankoki da wayoyin auna zafi da ke hana masarar dunƙulewa tun asali. 'Yan kwana-kwana kuma sun samu bangon ceto, faifayen ƙarfe da ake haɗawa a kewaye wanda ya nutse a yashe hatsin da ke matse shi.

Abin da ya rage shi ne tsofaffin rumbuna, masu rami ɗaya da ƙaramar ƙofa, waɗanda gyaransu ke cin kuɗi. Da yawansu suna ƙananan gonakin da mai binciken gwamnati ba shi da hurumin taka ƙafarsa.