Taimakon wanda aka yi wa fyaɗe a birnin Kano

Fyaɗe shi ne saduwa da mutum ba da yardarsa ba, da ƙarfin tsiya, ko barazana, ko bugar da shi da ƙwaya, ko kuma saduwa da yaron da bai kai shekarun ba da yarda ba. Mata ya fi shafa, amma yara maza ma ba su tsira ba. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 ya nuna yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 a Najeriya sun gamu da cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Taimakon da ake bayarwa ya haɗa da magani, shari'a da kwantar da hankali. Magani ne ba ya jira.

Awa 72 na farko

Akwai maganin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki, wanda ma'aikatan lafiya ke kira PEP. Dole a fara shan sa kafin awa 72 su cika, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon ingancinsa. Ana shan sa kullum har kwana 28, ko da ya kawo tashin zuciya ko kasala. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa ya fi aiki a kwana uku na farko, kodayake ana iya ba da shi har kwana biyar. Ana kuma ba da maganin ciwon sanyi da tunjere, da allurar rigakafin ciwon hanta, da ta tetanus idan akwai rauni.

Kwana ukun nan su ne yawanci ke salwanta a gida. Uwa na kuka, ana jiran uba ya dawo daga kasuwa, a kira kawu, a tura wa mai unguwa, wata gwaggo ta ce a gasa yarinyar da ruwan zafi da bagaruwa a rufa asiri. Kafin a tsai da magana wa'adin magani ya wuce. Alhali zuwa asibiti daban, kai ƙara daban. Ana iya karɓar magani yau, a yi shawarar kotu daga baya.

A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, wadda aka keɓe domin wannan aiki: duba lafiya, magani, ba da shawara da rubuta rahoton likita, duk kyauta. Irinta ta farko a Najeriya ita ce cibiyar Mirabel da aka buɗe a Legas a 2013. Wanda Waraka ta yi wa nisa, ya nufi babban asibiti mafi kusa.

Hujja

In da hali, kada a yi wanka ko a wanke kayan da ke jiki kafin likita ya duba. A naɗe zani, kamfai da zanen gado a takarda ko ambulan, domin leda na riƙe danshi ta lalata abin da ke jikinsu. Kada a goge saƙonnin waya. Wadda ta riga ta yi wanka, kuma yawanci hakan ake fara yi, ba ta rasa komai na magani ba; likita zai iya rubuta raunukan da ya gani.

Shari'a

Sashe na 282 na dokar hukunta laifuka ta Final Kod ya fayyace fyaɗe, kuma gyaran da Jihar Kano ta yi a 2014 ya sa hukuncinsa ɗaurin rai da rai, ko aƙalla shekara 14. A 2023 jihar ta samu dokar kare yara. Ƙara na farawa daga caji ofis, fayil ya tafi Ma'aikatar Shari'a domin shawarar lauyoyin gwamnati, sannan a gurfanar da wanda ake tuhuma. Tafiyar na da tsawo, kuma shari'o'i da dama na mutuwa ne saboda iyaye sun janye bayan an matsa musu da sulhu, musamman idan mai laifin ɗan uwa ne, maƙwabci ko malami. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa suna da ofis a Kano, suna taya bin ƙara. Mutane da yawa kan fara zuwa Hisbah, amma bincike da gurfanarwa a laifi irin wannan aikin 'yan sanda ne da lauyoyin gwamnati.

Bayan haka

Firgita cikin barci, ƙin cin abinci, yawan wanka, tsoron fita, fitsarin kwance ga yaron da ya daina, duk alamu ne da aka saba gani. Wata kuwa shiru take yi kamar ba abin da ya faru, wanda ba ya nuna ƙarya take. Tambayoyi irin su "me ya kai ki?" da "me ya sa ba ki yi ihu ba?" suna ƙara ciwo, domin a lokacin fyaɗe jiki kan sandare saboda tsoro, murya ta ƙi fita. Idan alamun suka wuce wata guda, ko aka ji tana zancen kashe kanta, a kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Ana sake gwajin ciki idan al'ada ta yi jinkiri, gwajin ƙanjamau kuma a maimaita shi bayan wata uku.