"Ofin sos" a jikin rauta: me aka buɗe, me aka kulle?

Kwanan nan duk mai tallar rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida ko ofis, sai ka ji ya ce tasa "ofin sos" ce, masu shirin fasaha a rediyo kuma sun fassara kalmar da "kyauta". Fassarar nan tana ba ni haushi, don babu ruwan kalmar da kuɗi. Kalmar Turanci ce, open source, wato buɗaɗɗen tushe. Abin da aka buɗe shi ne rubutun da aka gina manhajar da shi, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba.

A harkar rauta ma ba da son rai aka fara ba. A 2003 aka gano kamfanin Linksys ya ɗora manhajar rautarsa WRT54G a kan Linux, wata buɗaɗɗiyar babbar manhaja mai tafiyar da na'ura. Lasisin Linux kuwa, wato GPL, ya wajabta wa duk wanda ya rarraba irin wannan manhaja ya saki rubutunta. Da matsin lamba ya yi yawa, kamfanin ya saki. Daga nan OpenWrt, manhajar da ake sa wa rauta a madadin wadda ta zo da ita, ta samo asali a 2004, ire-irenta su DD-WRT da Tomato duk tsatson nan ne.

To, amma ba duka aka saki ba, kuma nan masu talla ke yin gum. A cikin rauta akwai ɗan guntun na'ura mai watsa waifai, kuma Linux ba ta jin yarensa sai da wata ƙaramar manhaja da ake kira direba. Ni da za a bi ta tawa, tafinta za a ce, don ba tuƙi yake yi ba, fassara yake. Guntun da ke cikin WRT54G na kamfanin Broadcom ne, kuma Broadcom ya ba da direbansa a dunƙule, yana aiki amma ba ya karantuwa. Shi ya sa OpenWrt ta yi shekaru tana jan tsohuwar Linux 2.4 a kan waɗannan rautoci: in aka sabunta, tafinta ya daina ganewa. Wasu masu haƙuri suka bi diddigin yadda guntun ke aiki suka rubuta nasu direban, b43, amma bai taɓa cim ma sababbin guntaye ba. Har yau akwai rauta mai guntun Broadcom da za ka sa wa OpenWrt ta tashi lafiya lau, haɗin kebul na aiki, waifai kuwa ko rarrafe ko shiru.

Kamfanin guntaye Atheros ne ya yi abin kirki a 2008 da direban ath9k, wanda ba ya buƙatar wani kullin sirri. Da aka zo direban da ya biyo bayansa, ath10k, sai dabara ta sauya: direba a buɗe, amma ainihin aikin an tura shi cikin rufaffiyar manhaja da ake loda wa guntun. Direban mt76 na guntayen MediaTek ma haka yake, sai dai ana kula da shi sosai. Wannan ma "ofin sos" ake kiransa, ni dai rabin sunan nake ba shi.