Zaɓen Mataimakin Gwamnan Jihar Virginia na 2021

An gudanar da zaɓen mataimakin gwamnan jihar Virginia ta Amurka ranar Talata, 2 ga Nuwamba, 2021, rana ɗaya da zaɓen gwamna da na antoni janar da na 'yan majalisar wakilan jihar. Winsome Sears ta jam'iyyar Rifablikan ce ta lashe zaɓen da kashi 50.7 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa, Hala Ayala ta Dimokurat kuma ta samu kashi 49.2. Sears ce mace ta farko da ta hau wannan kujera, kuma baƙar mace ta farko da ta ci zaɓen muƙamin da ɗaukacin jihar ke jefa wa ƙuri'a.

Kujerar da tarihinta

A Najeriya gwamna da mataimakinsa tikiti ɗaya suke shiga, wanda ya zaɓi gwamna ya zaɓi mataimakinsa ke nan. A Virginia ba haka ba ne. Kowace kujera da gurbinta a takardar ƙuri'a, don haka mutum na iya dangwala wa ɗan Rifablikan a gwamna, ya sauko layi na gaba ya dangwala wa ɗan Dimokurat a mataimaki. Hakan ya sha faruwa: Don Beyer na Dimokurat ya yi mataimaki a zamanin Gwamna George Allen na Rifablikan daga 1994 zuwa 1998, Bill Bolling na Rifablikan kuma ya yi a zamanin Tim Kaine na Dimokurat daga 2006 zuwa 2010.

Kundin tsarin mulkin jihar na 1851 ne ya kafa kujerar a matsayin wadda jama'a ke zaɓa, kuma Shelton Leake ne ya fara hawanta a 1852. Aikin da doka ta ɗora mata ba shi da yawa. Mataimakin gwamna shi ke jagorantar zaman majalisar dattawan jiha, shi ke raba gardama idan ƙuri'un sanatoci sun yi kunnen doki, shi ne kuma magajin gwamna idan ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi. Albashin bai wuce kimanin dala 36,000 a shekara ba. Duk da haka ƙuri'ar raba gardamar nan ba abar rainawa ba ce a majalisar da ke da kujeru 40 kacal. Bayan zaɓen 2011 jam'iyyun biyu sun samu sanatoci 20 kowace, kuma ƙuri'ar Bolling ce ta ba Rifablikan damar karɓe ragamar majalisar a farkon 2012.

Abin da ya fi ba kujerar daraja shi ne inda take kai mutum. Tsarin mulkin Virginia ya hana gwamna yin tazarce, saboda haka duk bayan shekara huɗu kujerar gwamna kan zama babu mai kare ta, mataimaki kuwa yana tsaye a bakin ƙofa. Mills Godwin, John Dalton, Chuck Robb, Douglas Wilder, Tim Kaine da Ralph Northam duk daga mataimaki suka haye gwamna.

A cikin waɗannan, labarin Wilder ne ya fi kusa da zaɓen 2021. Virginia ita ce ƙasar da aka sauke 'yan Afirka da aka kamo a bakin teku a 1619, kuma babban birninta, Richmond, shi ne hedkwatar jihohin kudu da suka ɓalle don kare bauta a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865. Wilder jikan bayi ne, haifaffen Richmond ɗin. Da ya fito takarar mataimakin gwamna a 1985, hatta wasu manyan jam'iyyarsa sun ji tsoron zai jawo wa sauran 'yan takara faɗuwa. Sai ya shiga mota ya kwashe kusan wata biyu yana ratsa jihar, ya fara daga yankin duwatsu na kudu maso yamma inda kusan kowa farar fata ne, yana tsayawa a ƙananan shaguna yana gaisawa da mutane hannu da hannu. Ya kayar da John Chichester na Rifablikan da kimanin kashi 52 cikin ɗari, ya zama baƙar fata na farko da ya ci zaɓen jiha baki ɗaya a Virginia. A 1989 ya ci gwamna da tazarar da ba ta kai ƙuri'u 7,000 ba, baƙar fata na farko da aka zaɓa gwamna a tarihin Amurka. Sai bayan shekara 28, a 2017, wani baƙar fata ya sake cin zaɓen jiha baki ɗaya, wato Justin Fairfax, shi ma a kujerar mataimaki.

Yadda kujerar ta zama babu mai kare ta

Doka ba ta hana mataimakin gwamna tazarce ba, amma Fairfax na Dimokurat, wanda ke kan kujerar a lokacin, ya zaɓi neman gwamna, ya kuma faɗi a zaɓen fid da gwani. A 2019 wasu mata biyu sun zarge shi da cin zarafi, ya musanta, ya ƙi yin murabus.

Fid da gwani

Rifablikan sun daɗe suna ja-in-ja a kan hanyar fitar da 'yan takara, daga ƙarshe suka tsaya a kan babban taron da ba a haɗu wuri ɗaya ba, saboda annobar korona. Ranar 8 ga Mayu wakilai suka je wurare kusan 40 a faɗin jihar, kowa ya jera 'yan takara a takardarsa: na ɗaya, na biyu, har ƙasa. Wajen ƙirga, wanda ya zo na ƙarshe sai a cire shi, a raba ƙuri'unsa ga waɗanda masu zaɓensa suka sa a matsayi na gaba. Mutum shida ne suka nemi tikitin. Sears ta yi nasara a zagaye na biyar a kan tsohon ɗan majalisa Tim Hugo, wanda da yawa suka ɗauka shi ne zai ci.

Dimokurat sun yi zaɓen fid da gwani na jama'a ranar 8 ga Yuni. Ayala, wadda Gwamna Northam ya mara wa baya, ta samu kusan kashi 38 cikin ɗari. Mai bi mata shi ne Sam Rasoul, ɗan majalisa daga Roanoke, Musulmi ɗan asalin Falasɗinu, da kimanin kashi 24. A wata muhawarar talabijin a watan Mayu an tambayi Rasoul game da gudummawar kuɗi da ya samu daga Musulmi na wajen jihar, da ko zai iya wakiltar kowa ba tare da duba addini ba. Tambayar ta jawo suka daga sassa da dama, har tashar ta nemi afuwa. Ita ma Ayala ta sha suka kan karɓar dala 100,000 daga kamfanin wutar lantarki na Dominion Energy bayan ta yi alkawarin ba za ta karɓi kuɗinsa ba.

'Yan takarar biyu

An haifi Winsome Sears a Kingston, babban birnin Jamaika, a 1964, aka kawo ta Amurka tana shekara shida, ta tashi a unguwar Bronx ta New York. Takan ba da labarin cewa mahaifinta ya sauka Amurka da dala 1.75 kacal a aljihunsa. Ta yi aikin soja a rundunar kundumbala ta ruwa a matsayin mai gyaran wutar lantarki. A 2001 ta kayar da Billy Robinson, wanda ya shekara 20 yana wakiltar wata mazaɓa a Norfolk, amma zango ɗaya ta yi a majalisa. A 2004 ta nemi kujerar majalisar tarayya, Bobby Scott ya kayar da ita. Daga nan ta yi aiki a hukumar ilimi ta jiha, ta kuma riƙe sana'ar gyaran famfo da kayan wutar gida a yankin Winchester. Kusan shekara 17 ta yi ba ta riƙe da zaɓaɓɓen muƙami kafin 2021.

Hala Ayala ƙwararriya ce a tsaron intanet, ta yi aiki da ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka. Ta shiga majalisar wakilan jiha a zaɓen 2017 daga gundumar Prince William. Mahaifinta ɗan El Salvador ne.

Yaƙin neman zaɓe

Takarar gwamna tsakanin Glenn Youngkin na Rifablikan da Terry McAuliffe na Dimokurat ta shanye yawancin hankali da kuɗi. Abin da mutane suka fi tunawa da shi a ta mataimaki shi ne hoton Sears sanye da kayan ofis, riƙe da babbar bindiga, wanda aka buga a allunan kamfe. Magoya bayanta sun ga mai kare 'yancin mallakar makami, masu adawa kuwa suka ce tsokana ce. Sears ta dage kan bai wa iyaye zaɓin makarantar 'ya'yansu. Ayala ta dage kan kare 'yancin zubar da ciki, tana tunatar da cewa Dimokurat na da sanatoci 21 ne, Rifablikan 19, don haka sanata ɗaya ya sauya ra'ayi, magana ta dawo hannun mataimakin gwamna.

Sakamako da abin da ya biyo baya

Sears ta samu ƙuri'u kimanin miliyan 1.66, Ayala miliyan 1.61, tazarar kusan 50,000. A wannan karon masu zaɓe ba su raba ƙafa ba: Youngkin ya ci gwamna, Jason Miyares na Rifablikan ya kayar da Mark Herring a antoni janar, Rifablikan suka kuma karɓe majalisar wakilai da kujeru 52 cikin 100. Rabon jam'iyyar da cin kujerun gwamna da mataimaki da antoni janar tun 2009, kuma shekara ɗaya kafin nan Joe Biden ya ci jihar da tazarar kashi 10 cikin ɗari.

An rantsar da Sears a Richmond ranar 15 ga Janairu, 2022. A 2025 ta nemi gwamna, Abigail Spanberger ta Dimokurat ta kayar da ita. Kujerar mataimakin kuma ta koma hannun Ghazala Hashmi, haifaffiyar Hyderabad ta Indiya, Musulma ta farko da ta ci zaɓen jiha baki ɗaya a Amurka.