Mekuri

Mekuri, wadda Larabawa ke kira Uɗarid, ita ce duniya mafi kusa da rana, kuma ƙarama a cikin duniyoyi takwas da ke zagaya ta. Faɗinta kilomita 4,879 ne, kuma ba ta da wata ko ɗaya. Hanyar da take bi ta fi kama da ƙwai: wani lokaci takan matso har tazararta da rana ta zama kilomita miliyan 46, wani lokaci ta ja baya zuwa miliyan 70.

Lissafin kwanakinta ne ya fi ɗaure kai. Cikin kwana 88 irin namu take gama zagaya rana, amma juyawa a kan kanta sai ta ci kusan kwana 59. Duk juyi uku, zagaye biyu. Shi ya sa daga fitowar rana zuwa wata fitowar ake samun kwana 176 irin namu. Yini ɗaya da dare ɗaya a can, shekara biyu ke nan ta Mekuri.

Wannan doguwar rana kan kai zafin ƙasa kusan digiri 430 a ma'aunin Selsiyos. Da dare kuwa, da yake babu iska mai kauri da za ta riƙe ɗumi, sai sanyi ya sauka zuwa digiri 180 ƙasa da sifili. Duk kusancinta da rana, Zuhura, duniya ta biyu daga rana, ta fi ta zafi.

Fuskarta duk ramuka ce, tabon duwatsun sama da suka yi ta faɗa mata. Kwarin Kaloris kaɗai ya kai faɗin kilomita 1,550. A ƙasan wasu ramukan da ke ƙuryar arewa, inda hasken rana bai taɓa leƙawa ba, har ƙanƙara akwai. Cikinta kuwa ƙarfe ne mafi yawa.

Kumbon Mariner 10 na Amurka ne ya fara giftawa kusa da ita a 1974. Kumbon MESSENGER ya zagaya ta daga 2011 zuwa 2015, sannan Turai da Japan suka harba mata kumbon BepiColombo a 2018.

Ganinta da ido sai an yi dace, don ba ta nisa da rana a sararin sama. Akan hango ta can ƙasa-ƙasa, jim kaɗan bayan faɗuwar rana ko gab da fitowarta.