Dokar Tarayyar Turai kan mayar da ruwa a filayen kiwo masu ƙasar fit

A ƙasashe irin su Holan, Jamus, Finlan da Ailan akwai wata baƙar ƙasa da ake kira fit. Ragowar tsirrai ce da ta taru a dausayi shekaru dubbai ba ta gama ruɓewa ba, saboda ruwa ya hana iska shiga. Manoma suka haƙa lambatu suka janye ruwan, suka shuka ciyawar shanu. Da iska ta samu hanya sai ƙasar ta ci gaba da ruɓewa tana fitar da iskar kabon, filin kuma yana nitsewa. A wasu filayen kiwo na Holan kusan santimita 1 a shekara.

Lissafin 2013 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya nuna inda gizo ke saƙa. Makiyaya, wato filin kiwo, mai taki a yanki mai matsakaicin sanyi, idan ruwan ƙarƙashinta ya sauka fiye da santimita 30, tana asarar tan 6.1 na kabon a hekta duk shekara. Idan ruwan bai kai wannan zurfin ba, tan 3.6. Ciyawa ɗaya ce, zurfin ruwa ne ya bambanta.

A kan haka aka gina sashe na 11 na doka mai lamba 2024/1991, wadda ta fara aiki ranar 18 ga Agusta, 2024. Kowace ƙasa za ta farfaɗo da kashi 30 cikin 100 na irin wannan gonaki kafin 2030, a mayar wa aƙalla rubu'insu ruwa. Sai kashi 40 a 2040, kashi 50 a 2050, a mayar wa aƙalla sulusi ruwa. Nauyin yana wuyan gwamnati. Ba a tilasta wa manomi ya jiƙa gonarsa ba, sai dai a jawo shi da tallafi.

Akwai sassauci da ya kamata a lura da shi. Mayar da gonar hatsi makiyaya ta dindindin ana iya lissafa shi cikin farfaɗowa, alhali muddin lambatu na jan ruwa, ruɓewar ba ta tsaya ba, raguwa kawai ta yi.

Shi ma ɗaga ruwan da nasa rigima. Gwamnatin Holan a 2022 ta ambaci a ɗaga ruwan ya tsaya santimita 20 zuwa 40 ƙasa da doron ƙasa. A wannan matakin tarakta kan kafe, kofaton shanu su dagargaza saiwa, a makara wajen yankan ciyawa na farko. Idan kuma aka wuce gona da iri ruwa ya kwanta kan ɗanyar ciyawa, sai iskar mitan mai ɗumama yanayi ta tashi, tsohon takin fosfet ya narke ya bi ruwa. Saboda haka wasu gonakin ke gwada tsirran da ke son ruwa, har da kacalla, wadda masunta da manoman fadamar Haɗeja da Nguru suka daɗe suna fama da ita tana toshe musu hanyoyin ruwa. A Turai ana gwada sarrafa ta ta zama abin tare sanyi a bangon gidaje.