Fitilar nan mai shuɗin haske ba ta kama tsohuwar sauro

Assalamu alaikum jama'a. Tunda damina ta kankama nake ganin abu ɗaya a gidajen da muke shiga rabon maganin rigakafin maleriya na yara, wato wannan fitilar kashe ƙwari mai shuɗin haske da ake ratayewa a tsakar gida ko baranda, da dare sai ka riƙa jin tas tas tana ƙona duk abin da ya faɗa mata. In na tambayi uwargida ina gidan sauron yara, sai ta ce ai likita tunda maigida ya siyo fitilar nan muka naɗe shi, ga zafi, ga shi kullum da safe sai mun share gawar ƙwari cike da faranti. Wallahi duk sanda na ji haka hankalina tashi yake, shi ya sa na ce bari in zauna in yi bayani a tsanake.

Kowane ƙwaro yana da agogo a jikinsa, agogon da ke zagayawa kusan awa 24 yana gaya masa yanzu lokacin tashi ne, yanzu na neman abinci, yanzu na ɓuya. An gano yadda yake aiki ne a jikin ɗan mitsitsin ƙudan nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba, har wasu masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, suka samu kyautar Nobel a 2017 saboda wannan aiki. Abin da ke saita agogon kuwa haske ne, amma fa ba kowane haske ba, wanda ya fi tasiri shi ne shuɗi da kuma wanda ke gaba da shuɗi da idonmu ba ya iya gani, wanda ake ce wa altarabayolet. Mu ba ma ganinsa, su ƙwari ras suke ganinsa, kuma a ƙwaƙwalwarsu akwai wani sinadari mai suna kiriftokurom da ke jin wannan hasken kai tsaye, da zarar ya same shi sai ya sake saita agogon kamar yadda kake gyara agogon waya.

To shi ma agogon tsufa yake. Ƙudan nan idan yana sabon ƙyanƙyasa barcinsa a dunƙule yake da dare, da rana ya yi ta kai-komo, amma idan ya kwana biyu a duniya sai barcin ya riƙa gutsurewa, ya ɗan runtsa ya farka ya ɗan runtsa ya farka, daidai yadda kakanninmu ke ƙorafi. A jami'ar jihar Oregon ta Amurka, a wani bincike da ya fito a 2019, an riƙa haska wa irin ƙudajen nan shuɗin haske awa 12 kowace rana, sai suka mutu da wuri, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu suka lalace, har waɗanda ba su da ido ma abin bai bar su ba. Daga baya masu binciken suka nuna cewa tsofaffin cikinsu sun fi ƙanana jin jiki da wannan hasken. Kun ga kenan haske ba abin wasa ba ne a rayuwar ƙwaro, kuma yadda yake taɓa shi ya danganta da shekarunsa, ko in ce kwanakinsa.

Inda maganar tsufa ta shafe mu kai tsaye shi ne wajen sauro, kuma nan nake so a ba ni hankali. Macen sauro ce ke cizo, kuma ba a haife ta da maleriya ba, sai ta ciji mai ɗauke da cutar tukuna, sannan ƙwayar cutar ta ɗauki kamar kwana 10 zuwa 14 tana girma a cikinta kafin ta iso bakinta. Yawancin sauro ba sa kai wannan lokacin, mutuwa suke. Don haka wadda ke kwantar mana da yara ita ce tsohuwar da ta tsallake rijiya da baya har sati biyu, ta sha jini sau da yawa, ta san hanyar ɗaki. Ita wannan sauron da ake kira Anofilis agogonta na dare ne, ta fi cizo daga tsakiyar dare zuwa goshin asuba lokacin da kowa ya yi nisa a barci, kuma abin da take bi numfashin da muke fitarwa ne da warin gumi da ɗumin jiki. A 2020 masana a jami'ar Kaliforniya da ke Irvine sun gwada, suka ga Anofilis da rana gudun hasken altarabayolet da shuɗi take yi. Dama ai mun san inda take yini, ƙarƙashin gado, bayan labule, cikin kayan da aka rataye a bango.

To me fitilar ke kashewa? An taɓa zama an ƙirga. A jihar Delaware ta Amurka, cikin wani bincike na 1996, an tattara gawar ƙwari 13,789 daga irin waɗannan fitilu, guda 31 kacal ne masu cizo, sauro da danginsa. Ku ma gobe da safe ku duba farantin da kyau kafin a zubar, za ku ga shinge ne da ƙananan ƙwari masu fiffike da ba ruwansu da jininku, wasunsu ma su ke taimaka wa furanni a gona, wasu su ke cinye ƙwarin da ke ɓata amfani. Abin yana min ciwo gaskiya, mutum ya kashe kuɗinsa ya kashe wutarsa ya kwanta da kwanciyar hankali, yaro kuma yana kwance a buɗe.

Akwai kuma ɗayan sauron mai zane fari da baƙi a ƙafa, Edis, mai kawo cutar shawara da zazzaɓin dengi, shi dengin an tabbatar da ɓullarsa a Sakkwato a ƙarshen 2023. Shi agogonsa na rana ne, da safe da kuma yamma yake cizo, dare na yi ya lafa. Amma a jami'ar Notre Dame an gwada a 2020, da aka kunna masa fitila da dare sai cizonsa ya ninka kusan sau biyu, wato hasken ya ruɗa shi ya ɗauka gari bai yi duhu ba. Yanzu da sola ta yawaita kowa yana barin ƙwan fitila a kunne har asuba, ga tayoyi da tulu da robobi cike da ruwa a bayan gida inda sauron yake zuba ƙwai, wannan abin dubawa ne.

Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 su suka fi mutuwa. Gidan sauro mai magani amfaninsa biyu ne, yana tare cizo, sannan saurayen da suka sauka a kansa mutuwa suke tun kafin su tsufa su zama masu haɗari, abin da fitila ba ta yi kenan. Dan Allah iyaye mata ku warware shi ku ɗaura, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma, in ya yage a ɗinke, in a waje ake kwana saboda zafi a kafa shi a wajen. Wanda ya riga ya sayi fitilar kuma yana son amfani da ita, ya kai ta nesa da ƙofa da wurin kwana, a hana yara ƙura mata ido ko taɓa wayoyinta, in an zo kwanciya a kashe. Maganin da muke rabawa yara daga wata 3 zuwa wata 59 kuma na kwana uku ne kowane zagaye, na farko a gabanmu ake ba yaro, na kwana biyun da suka rage yana hannunki Hajiya, kar a ajiye shi a kan taga a manta.